Jawaban Tafawa Ɓalewa: waɗanne uku zan sa wa ɗalibaina a gaba?

Malamin Jega:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni malami ne a wata sakandare nan Jega, darasin gwamnati nake koyarwa, kuma ƙungiyar muhawara ta makarantar tana hannuna. A zangon karatu mai zuwa ina son in ɗauko jawabai uku na marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa in sa wa 'yan aji biyar a gaba, mu bi su layi-layi, mu juya su da Hausa, kowane yaro ya haddace wani yanki ya tashi ya faɗa a gaban 'yan uwansa. Uku ne kawai lokaci zai ba mu. Shawararku nake nema a kan waɗanda suka cancanta, sannan akwai wani guda da ya tsaya mini a rai.

Na san abin da kowa zai fara ambata: na ranar 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Legas wanda yanzu ake kira da sunansa, ranar da Gimbiya Alexandra ta miƙa masa takardun mulkin kai a madadin Sarauniya. Ba na musun kyansa. A cikinsa ne ya ce an gina ƙasar nan a tsanake, ba da gaggawa ba, kuma ta tsaya a kan tushe mai ƙarfi. A cikinsa ne kuma ya ce Turawan Ingila mun fara saninsu suna iyayengiji, daga nan suka zama jagorori, daga baya abokan aiki, amma a kowane mataki aminai ne. Sai dai jawabin biki ne, kaso mai yawa na cikinsa godiya ce ga wannan da wancan. Yaran sun riga sun kalle shi a YouTube, kuma abin da suke ɗauka bai wuce daɗin murya da iya Turanci ba. Ka tambaye su me mutumin nan ya taɓa tsayawa a kai har ya sa kansa cikin haɗari, sai aji ya yi tsit.

Ni wanda na fi ƙauna shi ne na watan Agusta 1950, a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna. Ku duba wanda ya yi shi. Shekararsa 37, ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa hidima yake yi a gidan hakimin Lere ta ƙasar Bauci. Malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina a 1933, ya koyar a Midil ta Bauci, ya je Landan ƙarin karatu a 1945, ya dawo yana aikin ilimi a ƙarƙashin En'e. Wannan mutum ne ya miƙe, Razdan-Razdan na zaune, manyan ma'aikatan sarakuna na zaune, ya kawo ƙudurin a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin En'e gaba ɗaya, a gyara shi. Ya soki tsarin da ya mai da sarki shi kaɗai ne hukuma. Ya ce talaka ba shi da ta cewa a kan yadda ake mulkinsa. Ya kira cin hanci da rashawa da sunansu, ya ce sun ratsa kowane mataki da kowane ofis. Mu da kakanninmu suka ba mu labarin haraji da jangali, da yadda mutum kan sayar da akuyarsa ta ƙarshe in mai unguwa ya tsaya a ƙofar gida, mun san nauyin wannan magana a bakin ma'aikacin En'e.

Ƙudurin ya wuce da ƙyar, tazarar ƙuri'a ɗaya. Amma ya yi aiki. An sa jami'an Turawa biyu suka zagaya suka rubuta rahoto, zuwa 1952 aka wajabta wa sarki zartar da al'amura tare da majalisarsa, a 1954 aka yi sabuwar dokar En'e. Abin da ke ƙara burge ni, a cikin watan nan ɗaya ne, ranar 8 ga Agusta 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu Kano, wanda daga baya ya jagorance ta, kuma suka koyar tare da Sa Abubakar a Bauci, yana Maru a lokacin yana aiki a makarantar horon malamai. Cuta ɗaya suka gani, ɗaya ya zaɓi gyara daga ciki, ɗaya daga waje. Wannan kaɗai ya isa muhawarar mako guda.

To ga wanda ya tsaya mini. Wani ɗalibina mai ƙoƙari ya zo ofishin malamai da wayar yayansa, gilashinta duk a tsage, ya nuna mini wani hoto da ke yawo a Facebook: fuskar Sa Abubakar, a ƙasa an rubuta maganarsa ta Majalisar Dokoki a 1947, cewa tun haɗewar 1914 Najeriya ƙasa ɗaya ce a takarda kawai. A ƙarƙashin wannan kuma an ƙara ɗaya maganar tasa ta lokacin, cewa in Turawa suka tafi a wannan mataki, mutanen Arewa za su ci gaba da yaƙinsu da aka katse har bakin teku. Yaron ya ce, "Malam, da gaske shi ya faɗa?" Na ce shi ya faɗa. Ya ce, "To me ya sa kuke ce mana uban ƙasa ne?"

Tambayoyina biyu ke nan. In sa na 1947 cikin ukun, ko in bar shi kada in rikita yara? Sannan a cikin na ƙasashen waje, na Majalisar Ɗinkin Duniya, na Amurka, da na Adis Ababa, wanne ya fi amfani ga yaron da ya tashi a Jega?

Tsohon Ma'aikaci, Argungu:

Wa alaikumus salam Malam. Jikana ke riƙe da wayar, ni ke faɗa yana rubutawa. Allah ya yi maka albarka da kake wannan tunani, don an daɗe da barin yara ba tarihi.

Ina firamare nan Argungu anka ba da mulkin kai. Abin da idona ya gani zan faɗa maka. An ba mu 'yar tuta kore da fari, an ba mu kofi, an dafa shinkafa da nama, munka yi maci. Akwai akwatin rediyo mai babban batir da anka aza bisa tebur a inuwa, manya sunka kewaye shi, mu yara muna baya muna leƙe. Ba mu ji Turancin ba, in ban da kalma ɗaya-ɗaya. Amma ko ba ka ji, ka san mai maganar ba ya cikin ruɗu. Maganarsa kamar mai awon hatsi ne na kirki, tiya ba ta tumbatsa ba ta ragu, ya ɗora hannu ya share sannan ya juye. Ma'anar kuwa sai bayan kwanaki munka same ta, da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta iso daga Zariya, wani malaminmu ya karanta wa mutane da ƙarfi bayan la'asar. Haka mafi yawan mutanen ƙasar nan sunka san jawabansa, ta bakin wani.

Mu nan muna jin kusanci da shi ta wajen Alhaji Shehu Shagari, wanda ya riƙe hedimasta a Argungu farkon shekarun 1950, yayyenmu sun yi karatu a hannunsa. Ya tafi majalisar Ikko a 1954, a 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista. Saboda haka labarin Sa Abubakar ba daga nesa yake zo mana ba.

Maganar 1947, ɗana, kada ka ɓoye ta. Yaro ya riga ya gani, in ka rufe sai ya ɗauka akwai abin kunya. Ka gaya masa halin da anka faɗe ta. A shekarar nan ne karo na farko da wakilan Arewa sunka zauna majalisar dokoki ɗaya da na Kudu a ƙarƙashin tsarin Gwamna Richards. Kafin nan ba a taɓa haɗa su a majalisar dokoki ba, ko da yake an ce ƙasa ɗaya ce tun 1914. Sunka tarar mutanen Kudu sun yi nisa a boko, akawu nasu, ma'aikatan jirgin ƙasa nasu, gidan waya nasu, har a garuruwanmu. Tsoron da ke zuciyar mutanenmu shi ne Bature ya tafi wani ya hau kujerarsa, mu muna kallo. Wannan tsoro ne ya fito a bakinsa da zafi. Maganar yaƙi har teku ba ta yi daɗi ba, kuma ni ban wanke ta ba. Amma tsoron ba ƙarya ba ne. Ka tuna 1953, da Enahoro ya kawo ƙudurin mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a bari sai lokacin da ya dace, anka yi wa wakilanmu ihu a Ikko, abin ya kai ga rikicin Kano a watan Mayu. Ƙasar ta kusa tsagewa tun ran nan.

Abin da ya kamata yaro ya sani shi ne mutumin bai tsaya nan ba. Yana ministan sufuri ya tafi Amurka a 1955 don ya ga yadda suke tafiyar da jiragen ruwa a manyan kogunansu. Ya ga mutane iri-iri, asali daban-daban, sun zama ƙasa ɗaya. Daga can ya dawo da wata zuciya, ya ce shi ɗan Najeriya ne daga yanzu. Kuma bai bar ta a baki ba. Da anka naɗa shi Firayim Minista na farko a 1957, ya yi wa ƙasa jawabi yana kiran haɗin kai, ya kafa gwamnatin kowa da kowa, jam'iyyarsa ta NPC da NCNC ta Azikiwe har da jam'iyyar Awolowo, Akintola ma ya samu minista a ciki. Shekara 10 tsakanin maganganun biyu.

Shawarata ka aza na 1947 da na 1957 gefe da gefe, ka ƙirga su ɗaya. Yaro ya ga babba na iya canza ra'ayi a bainar jama'a kuma girmansa bai ragu ba. Masu yaɗa hoton nan rabin labari suke ba da wa, da gangan.

Ɗan Gungu, Yawuri:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, mun amfana. Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ra'ayina ya ɗan bambanta, kuma ina roƙon a yi mini uzuri in na taɓa wanda ake ƙauna. Ni ma ina ƙaunarsa. Mutum ne da ya riƙe ƙasa ya mutu bai tara dukiya ba, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba.

Amma ku lura da wani abu. Jawabansa da duniya ke yabo bayan 1960 kusan duk a waje aka yi su ko a kan al'amuran waje. Niyok a Oktoban 1960, Washinton a Yulin 1961 lokacin da Shugaba Kennedy ya karɓe shi har ya yi magana a majalisar dokokinsu, Adis Ababa a 1963. To a gida fa? A watan Mayu 1962 gwamnatinsa ta sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, aka ɗora Dokta Majekodunmi ya riƙe ta. Ƙidayar 1962 ta watse, aka sake a 1963 aka fito da miliyan 55 da ɗoriya, wasu sassan ƙasar ba su yarda ba. A Yunin 1964 ma'aikata suka tafi yajin aiki na ƙasa baki ɗaya a kan albashi, kusan mako biyu, amsar da suka fara samu wa'adin komawa aiki ne. Ƙasar Tibi ta yi wuta a 1960, ta sake a 1964. Zaɓen Disamba 1964 'yan hamayya suka ƙaurace masa, shi da Shugaba Azikiwe suka yi kwanaki ba a san inda ƙasa ta dosa ba, sai farkon Janairu aka sasanta. Sai zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965, wanda bayansa aka shiga ƙona gidaje da motoci da mutane da fetur.

Daga wannan Oktoba zuwa Janairun 1966, ina babban jawabin da ya yi daidai da girman abin da ke faruwa? Dokar ta-ɓacin da aka sa a 1962 a kan abin da bai kai wannan ba, ba a sa ta ba a 1965, kuma kowa ya san Akintola, Firimiyan Jihar Yamma, abokin ƙawancen NPC ne a lokacin. A maimakon haka, ranakun 11 da 12 ga Janairu 1966 ya karɓi shugabannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Legas, har da Firayim Ministan Ingila Harold Wilson, a kan batun Rodeshiya inda Ian Smith ya ɓalle da tsirarun fararen fata. Taro ne mai daraja, shi ne na farko irinsa da aka yi a wajen Landan. Kwana uku bayan an tashi sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. Allah ya jiƙansa, kisan zalunci aka yi masa, babu abin da zai halatta shi. Amma in za a koya wa yara jawaban shugaba, a koya musu har da inda ya yi shiru.

Sannan ga namu na nan. Shi ne ya aza harsashin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ƙasa ta samu lantarki, ba wanda zai ce ba a yi aiki ba. Amma sama da mutum dubu 40 aka tayar, tsohuwar Busa ta nutse, gungunan Kwara da dama a ƙasar Yawuri ruwa ya cinye. Kakata a gungu aka haife ta. Har ta rasu tana iya lissafa maka gonakin albasarsu ɗaya bayan ɗaya, wace ke kusa da wace tsamiya, wace ce ta gadon uwarta. Takan ce ba wanda ya taɓa yi musu jawabi. Wasu ma'aikata ne suka zo da kwalekwale mai inji da littafi, suka ƙirga ɗakuna da rumbuna, suka shafa fenti a jikin bango, suka ce ruwa na zuwa. Aka kai su gidajen siminti a tudu, irin ginin da ba su saba ba, da rana ba a iya zaman ciki. Muryar da ta ratsa zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta iso gungunsu ba.

Shi ya sa na yarda da kai ɗari bisa ɗari a kan na 1950. A nan ne ya yi magana a madadin irin su kakata. Tambayar da zan so yaranka su yi ita ce, mutumin da ya faɗi wannan a 1950, da mulki ya zo hannunsa, nawa ya cika daga ciki? Don En'e ɗin nan da alƙalanta da 'yan dokanta su aka riƙa amfani da su a kan 'yan NEPU har ƙarshen jamhuriyar farko.

Malama daga Kamba:

Salamu alaikum. Baba ina gaisuwa. Malam, ni Turanci nake koyarwa, kuma ina ganin kowa ya tsallake tambayarka ta biyu.

Na Majalisar Ɗinkin Duniya, 7 ga Oktoba 1960, ranar da Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a majalisar, ya fi sauƙin koyarwa don a tsare yake. Ya faɗi abubuwa huɗu: zaman lafiya da kowace ƙasa, ba ma kwaɗayin ƙasar kowa duk da yawanmu, ba za mu manta tsofaffin abokai ba amma ba za mu bi wani ɓangare na manyan ƙasashe ido rufe ba, sannan za mu yi aiki da sauran Afirka har kowa ya samu 'yanci. Ya kuma ɗauki lokaci mai tsawo a kan rikicin Kwango, kuma bayan makonni sojojinmu suka tafi can. Yana fitowa a jarrabawa, wannan ma dalili ne.

Amma yaron Kebbi, na Adis Ababa ya fi shafarsa. A watan Mayu 1963 shugabannin Afirka suka taru a Habasha. Nkrumah na Gana yana son a haɗe nan take a zama gwamnati ɗaya. Sa Abubakar ya ce a'a, a mutunta 'yancin kowace ƙasa, babba da ƙarama daraja ɗaya, kada wata ta riƙa yi wa wata zagon ƙasa, a fara da abin da hannu zai iya kamawa: ciniki, ilimi, kimiyya, sanin juna. Watanni huɗu kafin nan aka kashe Shugaba Olympio na Togo, saboda haka maganar zagon ƙasa ba a iska ya yi ta ba. Ra'ayin ɓangarensa ne ya rinjaya a yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 25 ga Mayu.

Mu nan Kamba iyaka a bayan gida take. Rabin dangin mahaifiyata suna Gaya ta Nijar. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, na ga manyan motoci jere a bakin hanya, albasa na ruɓewa a ciki, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu. 'Yan ajina da iyayensu ke dako a kan iyaka, kuɗin makaranta ya gagare su. Ka ba yaran nan jawabin 1963 ka tambaye su, shi da Nkrumah wa ya fi hangen nesa? Za ka sha mamakin abin da za su faɗa, don a jikinsu suka ji.

Abu na ƙarshe, kuma ina so a ji shi da kyau. Zaɓen 1959 da ya kai shi ga karɓar mulkin kai, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a cikinsa ba, haka na 1964, alhali matan Kudu suna jefawa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan irin wannan fafutuka. Sai a shekarun 1970 aka ba mu, muka zaɓi shugaban ƙasa karo na farko a 1979. In akwai 'yan mata a ƙungiyarka, kada ka ba su aikin riƙe agogo da tafi. Ka ba ɗaya daga cikinsu jawabin 1950 ta karanta, inda ake cewa talaka ba shi da ta cewa, a ga yadda zai sauka a kunne daga bakinta.

Malamin Jega:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ja kwana, a gaida jikan namu da ya yi mana rubutu.

Ga inda na tsaya. Na 1950 shi ne na farko, kuma Malama, 'yan mata bakwai ne a ƙungiyar, akwai wadda tun yanzu na san ita za ta ɗauke shi, muryarta ba ta rawa. Na 1947 da na 1957 zan haɗa su su zama na biyu kamar yadda Baba ya ce, kuma yaron da ya kawo mini hoton shi zai karanta duka biyun da bakinsa, na farko a farkon darasi, na biyu a ƙarshe. Na uku Adis Ababa. Yaran Jega 'yan kasuwa ne, akwai waɗanda iyayensu ke kai kaya Kamba da Dole Kaina, ba sai na yi dogon bayani ba. Na ranar mulkin kai zan kunna musu shi a lasifika kawai su saurara, don yadda yake ajiye numfashi tsakanin jimla da jimla darasi ne ga mai koyon magana a gaban jama'a. Yaranmu sun ɗauka iya magana shi ne sauri da ɗaga murya.

Ɗan'uwana na Yawuri, maganar kakarka ta taɓa ni, Allah ya jiƙanta. Na karɓi batun shirun 1965, zan mai da shi taken muhawarar rufe zango: shin Firayim Minista ya yi daidai da bai sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma ba? Amma a wuri ɗaya ban bi ka ba. Ikon En'e da kotunan alƙalai a hannun gwamnatin Jihar Arewa yake a Kaduna, ba a hannun gwamnatin tarayya ba, kuma shugaban jam'iyya Sardauna ne, Sa Abubakar mataimaki. Wannan bai sauke masa nauyi duka ba, jam'iyyarsa ce kuma ya ci moriyar ƙuri'un. Sai dai in yaran za su yi masa hukunci, ina so su fara sanin iyakar abin da kujerarsa ke iya yi a tsarin jihohi masu ƙarfi na wancan lokaci, sannan su yanke. Wannan ma ai yana cikin manhajar darasin gwamnati.

Saura roƙo ɗaya. Na 1960 da na 1963 suna intanet cikakku. Na 1950 kuwa gutsattsari ne a hannuna, waɗanda marubuta tarihi suka tsakuro, ni kuma ina son yara su gan shi daga farko har ƙarshe, har da martanin waɗanda suka ƙi shi a zauren. In akwai wanda ke Kaduna a cikinmu da zai iya leƙa Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke can, ya nemi kundin muhawarar Majalisar Wakilai ta Arewa na Agusta 1950 ya ɗauko mana hoton shafukan da waya, zan biya kuɗin mota da na data. Kafin a koma hutu nake buƙatarsa, don in samu in buga wa kowane yaro nasa.